Yau 1,000, gobe 850: me ke cinye makinka a darar intanet?

Akwai wata lamba da ke hana wasu matasanmu barci, kuma ba ta da alaƙa da asusun banki ko sakamakon JAMB. Lamba ce da ke maƙale a gefen sunanka a Chess.com ko Lichess. In ta hau, ka ɗauki hoton allon waya ka ɗora a sitatus. In ta sauka, ka yi tsit kamar ba ka taɓa jin sunan wasan ba.

Idan kana cikin masu buga ces a waya, ko a ɗakin kwanan ɗalibai na Poli ta Kaura Namoda ne, ko a shagon cajin waya a Shinkafi, ko a majalisar dare a Zurmi, ko a ƙofar gida a Katuru, ka san yadda abin yake. Mako guda kana ta ci har ka fara jin ka gama gano sirrin wasan. Sai dare ɗaya ya kwashe duk abin da ka tara. Ke ma 'yar'uwa da ke bugawa da ɓoyayyen suna, maganar nan ta haɗa da ke.

To me ke faruwa? Yawancin wasannin da ɗan koyo ke faɗuwa, ba fin sa sani aka yi ba. Da hannunsa ya miƙa wasan. Kuma in ka gano ta inda kake miƙawa, rabin aikin ya ƙare.

Darar Turawa da ba Turawa suka ƙirƙira ba

Muna ce mata darar Turawa, amma a Indiya aka fara ta wajen ƙarni na 6. Daga nan ta shiga Farisa, Larabawa suka karɓa suka kira ta shaɗaranji, su ne kuma suka kai ta Andalus. Ɗan da ke tafiya a karkace, wanda Turawa ke kira bishop, har gobe giwa ne a bakin Larabawa, kuma da wannan sunan za mu kira shi a nan. Sarauniyar da kake ji da ita a da waziri ne mai taku ɗaya tak. Sai a ƙarshen ƙarni na 15 aka ba ta ƙarfin da take da shi yanzu.

Ga wanda ya tashi yana kallon dattawa suna dara a gindin bishiya, abin ba baƙo ba ne. Tamu gurabu 30 ce, kowa da 'ya'ya 12. Wannan gidaje 64 ne, kowa da 'ya'ya 16. Abin da ya haɗa su shi ne wanda ya fi haƙurin kallo ya fi ci. Ka lura da tsohon da ya ƙware a dara: sai ya daɗe hannunsa na sama kafin ya sauke tsinkensa, masu kallo na ta cewa "Baba, yi mana!" ko a jikinsa. Wannan haƙurin shi ne abin da waya ta fi saurin ƙwace maka.

Wane irin ɗan wasa ne kai?

Ka buɗe wasanninka 20 na baya ka duba. Da wuya ka rasa kanka a ɗaya daga cikin mutanen nan huɗu.

Na farko shi ne mai sarauniya. Tun taku na biyu ya fito da ita, ya biyo da giwa, idonsa na kan sojan da ke gefen sarkin abokin wasa, wanda ba mai gadinsa sai sarkin kansa. In abin ya yi, a taku na huɗu an ƙure sarki, wasa ya ƙare. Wannan dabarar tana da daɗi, kuma za ta kai ka wani wuri. Matsalar ita ce wurin ba shi da nisa. Da zarar ka fara haɗuwa da waɗanda suka san ta, sai su tare da taku ɗaya, su shiga koran sarauniyarka daga gida zuwa gida. Duk korar da suka yi suna fito da ɗa guda, kai kuwa ɗa ɗaya kake ta yawo da shi. Kafin ka ankara rundunarsu ta cika fili, taka na barci a layin baya. Dara ta ci gida ke nan.

Na biyu mai haɗama ne. Duk abin da aka ajiye masa sai ya ci. Ya san lissafin da ake koya wa kowa: soja 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Abin da bai taɓa tambayar kansa ba shi ne, me ya sa aka bar mini wannan a banza? Sai ya ci soja, a rufe masa hanya, a cinye sarauniyarsa. Ya ci 1, ya biya 9. Ko a kasuwar Alhamis ta Shinkafi wanda ya yi irin wannan cinikin ba zai faɗa wa kowa ba.

Na uku mai noƙewa ne. Shi ba ya kai hari, ba ya musayar 'ya'ya, jira yake abokin wasa ya yi kuskure. A ƙananan maki wannan na aiki, domin kuskure ba ya wuyar samu. Amma ranar da ya haɗu da mai haƙuri irinsa wanda kuma ya san abin da yake so, sai a matse shi sannu a hankali har ya rasa gidan motsi.

Na huɗu ɗan tsere ne. Wasan minti ɗaya kaɗai yake yi. Ba allon yake kallo ba, agogo yake kallo. Yana iya buga wasa 50 a zama ɗaya, in ka tambaye shi yadda ko ɗaya ya gudana ba zai iya tunawa ba.

Ba wanda ya ce ka sauya halinka. Mai son hari ya ci gaba da hari, mai son tsaro ya ci gaba da tsaro. Amma kowane salo yana da ƙofar da ɓarawo ke shigowa, kuma ya kamata ka san taka.

Lambar ba ta tsane ka ba

Tsarin makin nan ya samo asali ne daga Arpad Elo, wani malamin fiziya ɗan asalin Hangare da ya zauna a Amurka. Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta karɓi tsarinsa a 1970. Chess.com da Lichess suna amfani da wani ƙaninsa mai suna Glicko, amma tunanin ɗaya ne: lambar hasashe ce kawai ta yadda wasa zai kaya. Wanda ya fi ka da maki 200, ana sa ran zai kwashi kusan kashi 76 cikin 100 na sakamakon wasanninku. Wanda ya fi ka da 400, kusan kashi 91.

Ga abin da yawancin 'yan koyo ba su lura da shi ba. Manhajar tana haɗa ka ne da sa'anninka a maki. Ma'ana an tsara abin ne yadda za ka faɗi kusan rabin wasanninka, ko makinka 600 ne ko 1,600. In ka ƙara ƙwarewa, sai a ƙara maka ƙarfin abokan karawa, rabin nan dai na nan. Kuma a wasan da yake rabi da rabi, yiwuwar ka faɗi sau biyar a jere ita ce ɗaya cikin 32. Wanda ke buga wasa 100 a wata ya kamata ya tsammaci hakan, ba sai an yi masa asiri ba.

Haka nan kada ka kwatanta lambar wannan shafin da ta wancan. Lichess na fara sabon shiga da 1,500 tare da alamar tambaya a gefe, alamar cewa bai gama auna ka ba. Shi ya sa abokinka zai ce maka yana da 1,300 a Lichess, kai mai 1,000 a Chess.com ka zauna ka lallasa shi. Mudun ne ba ɗaya ba.

In zuciya ta karɓi wayar

Faɗuwa biyar a jere lissafi ne. Faɗuwa 15 a jere zuciya ce. Ka san yadda take farawa. Kana kan nasara, sarauniya a hannunka, sai yatsa ya zame ko ido ya tsallake doki. Wasan ya tafi. Kafin allon ya gama nuna sakamako ka danna sabon wasa, wai sai ka dawo da makinka takwas. Yanzu ba wasa kake yi ba, ramuwa kake nema a kan wani bawan Allah a Burazil ko Indiya da bai san hawa ba bai san sauka ba. Taku ya ƙara sauri, tunani ya ragu. Ƙarfe biyu na dare ya yi, batir ya koma ja, maki 120 sun tafi, ga lacca ko gona ko shago na jiran ka da safe. Garin neman gira an rasa ido.

Kada ka ɗauka ƙananan 'yan wasa kaɗai abin ke ci. Magnus Carlsen ɗan ƙasar Norwe shi ne ya kai maki mafi yawa a tarihi, 2,882, a 2014. A watan Yunin 2025, a gasar da aka yi a birnin Stavanger na ƙasarsu, yana riƙe da wasa a hannunsa a gaban Gukesh na Indiya, sai lokaci ya ƙure ya yi kuskure ya faɗi. Ya naushi teburi har 'ya'ya suka tarwatse, bidiyon ya zagaya duniya. Shi kansa Gukesh ya zama zakaran duniya ne a Disambar 2024 a Singafo, yana ɗan shekara 18, bayan Ding Liren na China ya yi taku ɗaya mara kyau a wasan ƙarshe, wasan da kowa ke ganin kunnen doki za a tashi.

Amma ga inda Carlsen ya bambanta da kai. Da ya naushi teburi, ba shi da maɓallin sabon wasa. Dole ya tashi, ya je ya kwana, ya dawo washegari. Kuma a ƙarshe shi ya lashe gasar. Tsarin gasa ne ya tilasta masa hutu. Kai ba mai tilasta maka, don haka sai ka kafa wa kanka doka: faɗuwa biyu a jere, a ajiye waya.

Abokin karawa na uku

A yankinmu kowane wasa mutum uku ne: kai, da abokin wasanka, da netwok. Agogon wasa bai san uzuri ba. In sabis ya ɗauke, lokacinka na ci gaba da tafiya, in kuma ka daɗe ba ka dawo ba a ba wancan nasara, ko da sarkinsa na hannunka. Mutanen Zamfara sun san ɗaukewar sabis fiye da kowa. A farkon Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni mutum bai iya ko kiran ɗan'uwansa sai ya bar jihar. Ko yanzu, akwai garuruwan da sai ka nemi tudu kafin saƙo ya tafi.

To me ya kai mai irin wannan sabis ɗin wasan minti ɗaya? A wasan minti ɗaya, daƙiƙa goma na tsaikon netwok kashi ɗaya cikin shida ne na dukkan lokacinka. A wasan minti 15 da ake ƙara maka daƙiƙa 10 bayan kowane taku, ba za ka ma ji ta ba. Akwai kuma wasan da ake ba kowa kwana ɗaya ko uku ko fiye don taku guda, kuma duka shafukan biyu suna da shi. Wannan kamar don mu aka yi shi: ka yi takunka lokacin da sabis ya zo, ka tafi harkarka, ka yi ta juya allon a kanka.

Abin daɗin shi ne ces ba ya shan data. Abin da bidiyoyin TikTok za su cinye maka a ɗan zama kaɗan zai ishe ka wasanni masu yawa. Lichess kuma, wanda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya buɗe a 2010, kyauta ne gaba ɗaya, ba talla ba biyan wata. A wurin da tafiya daga Shinkafi zuwa Kaura sai an tambayi labarin hanya, ba ƙaramin abu ba ne saurayi ya zauna a ɗakinsa ya gwada kaifin tunaninsa da mutanen ƙasashe goma a rana ɗaya.

Mutumin da ya hau da Saniya

In kana neman ɗan koyon da duniya ta kalli hawansa da saukarsa, ga Tyler Steinkamp, Ba'amurken da aka fi sani da Tyler1. Sana'arsa buga wasan bidiyo na League of Legends ne mutane na kallo kai tsaye. A 2023 aka gayyace shi gasar PogChamps, wadda Chess.com ke shirya wa shahararrun intanet da ba su iya wasan ba. Makinsa a lokacin wajen 200 ne, ƙasa da inda yawancinku kuka fara. Bai ci gasar ba. Amma bai tsaya ba, kuma cikin ƙasa da shekara guda ya haura 1,900 a wasan minti goma.

Salonsa ya ba masana dariya. Ya riƙe wata buɗewa guda da Anna Cramling, 'yar wasa daga Suwidin, ta raɗa wa suna Saniya: ka ɗan tura sojoji biyu na tsakiya gida ɗaya-ɗaya, ka zagayo da dawakai biyu su tsaya gefe da gefe kamar ƙahoni. Ba wani babban ɗan wasa da zai ce maka buɗewar kirki ce. Amma ya buga ta har ya san lungu da saƙonta fiye da duk wanda zai zauna gabansa. Sauran ƙarfinsa kuma ya zuba shi a kacici-kacicin allo, irin wanda za a ajiye maka wasa a tsakiya a ce nemo takun da ke ci. Ya warware dubbai. A hanya ya sha zubar da maki masu yawa a zama ɗaya, ya sake tarawa.

Kada ka kwaikwayi awanninsa. Shi zaman gaban kwamfuta ne ke ciyar da shi, kai kuwa kana da karatu, ko sana'a, ko iyaye da ke jiran ka. Abin ɗauka a wurinsa biyu ne. Buɗewa ɗaya da ka sani ta fi goma da ka kalla a YouTube. Kuma a matakinmu, wasa na ƙarewa ne a kan wanda ya fara ganin ɗan da aka bari ba gadi.

Gajeriyar hanya

Akwai lokacin da shaiɗan zai raɗa maka cewa ga waya ta biyu, ga Stockfish, manhajar da ta fi kowane ɗan Adam iya wasan, kuma kyauta ce. Taku biyu kawai za ka tambaye ta, wa zai sani?

A watan Maris na 2021 wani ɗan wasa a Indunusiya mai laƙabin Dewa Kipas ya doke Levy Rozman, mai tashar GothamChess, a Chess.com. Shafin ya binciki wasanninsa ya rufe asusun bisa karya dokar wasa da gaskiya. Mutumin ya musanta, 'yan ƙasarsu suka taso a soshiyal midiya suna kare shi. Sai aka shirya masa zama ido da ido da Irene Sukandar, ƙwararriyar 'yar wasan ƙasar, a kan allon katako, mutane sama da miliyan ɗaya na kallo kai tsaye. Wasa uku aka yi, ta cinye duka ukun.

Shafukan nan suna kwatanta takunka da na inji, suna duba lokacin da kake ɗauka a kowane taku. In suka kama ka, a rufe asusun ko a yi masa tambari, a mayar wa waɗanda ka cuta makinsu. Ko ba su kama ka ba, ranar da ƙanin abokinka ya shimfiɗa allo a majalisa ya ce "Yaya, zo mu gwada," me za ka ce? Lambar da ba taka ba ce bashi ce, kuma a gaban jama'a ake biyan ta.

Abin da za ka gwada na wata ɗaya

Ka bar wasan minti ɗaya da na minti uku, ka koma na minti 10 ko 15. Wasa biyu ko uku a rana sun isa, kuma kada ka fara wasa in ka san an kusa kiran salla ko ana jiran ka da aike, domin wasan da ka yi da rabin hankali kyauta ka bayar.

Kafin kowane taku, ka yi wa kanka tambaya biyu: me takunsa na ƙarshe yake nema? In na sa ɗana a nan, wa zai iya cin sa? Daƙiƙa biyar ne, amma su ne tsakanin 800 da 1,200.

Duk wasan da ka faɗi, ka koma ka nemo takun da ya lalata shi kafin ka tambayi inji. Ka rubuta a littafi ko a waya. Bayan mako biyu za ka ga kuskure biyu ko uku ne ke ta maimaita kansu da sabbin riguna.

Ka ba kacici-kacici minti 15 kullum. Manhajar Lichess na ajiye wasu a waya, ana iya yin su ko ba sabis. In kuma ganin lambar ne ke tayar maka da hankali, shafin yana da saitin da ke ɓoye maki yayin wasa. Ka kunna shi, ka kalli allo kawai.

Sai na ƙarshe, wanda ya fi sauran: ka nemi mutum na jini da tsoka. Tunde Onakoya, ɗan Najeriyar da ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024, ya koma a 2025 ya yi awa 64 ya shiga kundin Guinness, a shagon aski a Ikorodu ya koyi wasan yana yaro. A 2018 ya kafa Chess in Slums Africa, yana koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas. Ba da waya ya fara ba. Allo ɗaya ne a shagon unguwa, da mutanen da suka bar yaro ya tsaya ya kalla.

Shagunan aski ba su ƙare a Kaura ba, majalisu ba su ƙare a Zurmi ba. Kwali da biro sun isa a zana gidaje 64, marafan kwalba sun isa su zama sojoji. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ranar Juma'a da la'asar, kowa ya kara da kowa, wanda ya ci ya nuna wa wanda ya faɗi inda ya ɓata. Wannan allon ba ya ɗaukewa in sabis ya ɗauke. Kuma in wani yaro ya raɓe a gefe yana leƙe, kada ku kore shi. Ku matsa masa ya zauna.